Idan sitiyarin tsohuwar mota ya fara tsuwa: Abin da ya kamata a duba kafin a fesa mai

Akwai wani takaici da masu farfaɗo da tsofaffin motoci kaɗai suka san ɗacinsa. Mutum ya shafe shekara biyu ko uku yana tara kayan gyara, an kwance mota har ƙashinta, an kankare tsatsa, an yi walda, an fesa fenti, an ɗinka sababbin kujeru, inji ya tashi yana kaɗawa lafiya lau. Ranar da aka fito da ita karon farko, yana murɗa sitiyari zai fita daga gareji, sai ya ji wata siririyar tsuwa daga ƙarƙashin hannunsa, kamar ɓera ya maƙale a bayan dashbod. Ya mayar da sitiyarin, ta sake yi.

Abin da akasarin mutane ke yi a wannan hali sananne ne. A ɗauko gwangwanin man feshi irin su WD-40, a cusa ɗan tsinkensa a duk wata kafa da ke kusa da sitiyarin, a fesa har ya riƙa ɗiga a kan tabarmar ƙafa. Tsuwar ta ɗauke na kwana uku ko mako guda, sannan ta dawo. A ganina wannan shi ne kuskure na farko, kuma ya fi sauran tsada, domin tsuwar ita ce kaɗai shaidar da ke hannun mai mota game da inda matsalar take. Wani lokaci ba komai ba ce illa roba da ke gogar roba. Wani lokaci kuwa sanarwa ce cewa an ɗaure sandar sitiyari a karkace, kuma tana cin kanta a duk juyin da aka yi. Wanda ya toshe bakin shaidar da mai bai san wanne daga cikin biyun yake ɗauke da shi a kan titi ba.

Domin bayanin ya tsaya a kan abu guda da za a iya taɓawa, za mu ɗauki motar MGB ta Ingila. Ƙaramar motar gudu ce mai kujera biyu da rufin da ake naɗewa, wadda kamfanin MG ya ƙera a garin Abingdon, kusa da Oxford, daga 1962 zuwa 1980. An yi sama da rabin miliyan, mafi yawansu aka sayar a Amurka, kuma har yau tana cikin tsofaffin motocin da aka fi farfaɗowa a duniya saboda kusan kowane ɓangarenta ana samun sabonsa. Sitiyarinta ba shi da famfon taimako irin na motocin yanzu. Ƙarfin hannun direba ne kawai ke juya tayoyi, shi ya sa duk wani ciwo da ke jikin sandar yakan iso hannu da kunne kai tsaye.

Yadda sandar take

Abin da ake kira sandar sitiyari abu biyu ne, ɗaya cikin ɗaya. Akwai bututun waje, wanda ke ɗaure da jikin mota a ƙarƙashin dashbod, ba ya motsi. A cikinsa akwai sandar ƙarfe mai juyawa, wadda sitiyari ke zaune a kanta. Tsakanin su biyun akwai abin da kanikawa ke kira bushin, ɗaya a sama kusa da hannun direba, ɗaya a ƙasa, su ne ke riƙe sandar a tsakiyar bututun. Daga nan sandar ta ratsa bangon da ya raba ɗakin direba da ɗakin inji, ta isa wata gaɓa mai lanƙwasawa da za mu kira gwiwa, wadda ke ba da damar juyi ya wuce ko da akwai kwana. Bayan gwiwar sai wata sandar ta gangara zuwa rak, wato dogon ƙarfe mai haƙora da ke kwance tsakanin tayoyin gaba, wanda ɗan ƙaramin giya ke turawa hagu ko dama.

A wuyan sandar, dab da sitiyari, akwai wasu ƙananan abubuwa da ke da alhakin yawancin tsuwar da ake ji: zoben tagulla da ɗan tsinken da ke gogarsa domin ham ya samu wuta, ɗan ƙullutun da ke mayar da hannun sigina bayan an gama shan kwana, da kuma murfin roba da ke rufe su duka.

Ke nan daga tafin hannun direba zuwa taya akwai wurare kusan takwas da wani abu ke juyawa a jikin wani. Kowannensu yana iya yin kuka, kuma bututun ƙarfe yana ɗaukar sauti kamar sarewa. Ƙarar da aka haifa a ɗakin inji sai a rantse daga tsakiyar sitiyari take fitowa.

Saurare kafin a taɓa sifana

Aikin farko na kunne ne. A kashe inji, a samu wuri shiru, a riƙa juya sitiyarin a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ana lura da lokacin da ƙarar ke zuwa.

Idan tana zuwa sau ɗaya a kowane zagaye, kuma a daidai wuri guda, to wani abu ne da ya ɗan fito yake taɓa wani idan ya zo wucewa. Wannan yakan nuna ƙullutun sigina, ko zoben ham da ya lotsa, ko gindin sitiyari da ke gogar murfin roba. Idan kuwa tsuwar ba ta yankewa muddin sitiyari na motsi, zargi ya koma kan bushin da ya bushe ko ya matse. Idan tare da ƙarar hannu yana jin tauri da sassauci bi da bi, sitiyarin ya yi nauyi, ya saki, ya sake yin nauyi cikin zagaye ɗaya, to a mayar da hankali ga gwiwa da daidaiton sandar. Wannan na ukun shi ne wanda ba a wasa da shi.

Bayan haka sai a ɗaga gaban motar da jak, a tokare ta da ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi (kada a taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita), a maimaita gwajin. Idan ƙarar ta ɓace da zarar nauyi ya bar tayoyi, mai yiwuwa sandar ba ta da laifi ko kaɗan. MGB tana da tsohon tsarin ƙafafun gaba mai turakun ƙarfe da tayoyi ke juyawa a kansu, kuma an tsara a riƙa ɗura musu giris duk bayan mil 3,000, wato kusan kilomita 5,000. Idan suka bushe suna yin gurnani da ke hawowa ta sandar har hannu. Mutane da yawa sun kwance sitiyari gaba ɗaya alhali giris na ƴan mintuna ne maganin abin.

Idan ƙarar ta ci gaba, a sa wani ya riƙa juya sitiyarin, mai binciken ya ɗauki guntun tiyo na roba, ya sa baki ɗaya a kunne, ya riƙa yawo da ɗaya bakin daga wuyan sandar zuwa ƙasa, sannan ya buɗe bonet ya bi ta har rak. Dogon sukundireba ma yana yi, a ɗora bakinsa a kan bututun, a jingina kunne a mariƙinsa. Inda sautin ya fi kaifi, nan ne gidansa.

Daga sama ake farawa

Kafin a kwance komai a cire kan batir. Wannan ba ƙa'idar da ake faɗa don cika baki ba ce. Wayar ham a MGB tana da wuta ko da makulli yana aljihu, kuma sukundireba ɗaya da ya zame ya isa ya ƙona fiyus ko ya narkar da waya. Wanda bai saba da motar ba zai sha neman batirin a ɗakin inji bai gani ba: yana bayan kujeru a ƙarƙashin wani murfi, kuma motocin da aka yi kafin ƙarshen 1974 batir biyu ne da su, kowanne mai bolt 6.

Abu mafi sauƙi shi ne murfin roba. Masu farfaɗo da mota suna son cire sitiyarin asali su sa ƙarami mai bakin katako, kuma gindin da ke zuwa da irin waɗannan ba koyaushe yake zama daidai da na asali ba. Idan ya nutse fiye da kima sai ya riƙa shafar murfin. Alamar a bayyane take: wani ɗan wuri mai sheƙi a bakin murfin, ko baƙin gari kamar kwalli a ƙarƙashinsa. A sassauta kusoshin murfin a ja shi baya kaɗan, ko a goge bakin da ke taɓawa da takardar yashi. Idan katin waya yana iya zagayawa tsakanin su biyun ba tare da ya maƙale ba, tazarar ta isa.

Idan ba nan ba ne, sai a cire sitiyarin. A miƙar da tayoyi, a yi alama da fenti ko alli a kan sandar da gindin sitiyarin domin a mayar da shi yadda yake. A sassauta babban notin tsakiya amma kada a cire shi duka, a bar shi a bakin zaren, domin sitiyarin yana zaune ne a kan wuri mai tsini da ke kama shi tamau, kuma idan ya saki yakan taho da ƙarfi. Ba mutum ɗaya ba ne ya fasa leɓensa a wannan aiki. Hanyar da ta dace ita ce amfani da abin jan sitiyari mai zare, wanda ke tura sandar yana jan gindin a hankali.

A nan ne ya kamata a dakata a yi maganar guduma, domin a nan ne garin gyaran gira ake rasa ido.

Motocin farko na MGB sandar ƙarfe guda ce miƙaƙƙiya, kamar mashi da aka saita da ƙirjin direba. Haka kusan dukkan motocin wancan zamani suke, kuma a karon gaba da gaba sandar takan taho ta soki mai tuƙi. Bayan hayaniyar da lauya Ralph Nader ya tayar a Amurka a 1965 kan rashin amincin motoci, majalisar ƙasar ta yi dokar kiyaye lafiyar ababen hawa a 1966, kuma daga farkon 1968 ya zama dole motar da za a sayar a can ta kasance da sitiyarin da ke shanye ƙarfin karo. Kamfanin MG, wanda Amurka ce babbar kasuwarsa, ya bi. Sandar ciki ta koma gida biyu, ɗaya na shigewa cikin ɗaya, an riƙe su da wasu ƴan turakun roba da aka ɗura a narke, waɗanda aka yi su musamman don su karye idan an yi karo. Bututun wajen kuma aka yi wa wani sashensa huda-huda kamar raga domin ya tattare.

Ma'anar wannan ita ce, duk wanda ya ɗora guduma a kan irin wannan sanda don ya fitar da sitiyari, yana yi mata ƙaramin haɗari ne da hannunsa. Turakun robar sukan karye, sandar ta fara wasa gaba da baya, ta kama ƙaras-ƙaras a kan gargada. An shiga gyaran tsuwa an fito da abin da ya fi ta. Mafi muni shi ne maganin da wasu ke yi wa wannan ɓarna, wato su kai wa mai walda ya haɗe gidajen biyu, sandar ta koma mashin da aka yi doka don a rabu da shi.

Walda a jikin sandar sitiyari abu ne da ko manyan injiniyoyi ya taɓa jefa su a shari'a. Ayrton Senna, gwarzon tseren motoci ɗan ƙasar Brazil, ya rasu sakamakon haɗarin da ya yi a filin tsere na Imola da ke Italiya ranar 1 ga Mayun 1994. An yanke sandar sitiyarin motarsa an yi mata ƙari da wani siririn ƙarfe domin ya samu sararin zama, kuma bayan haɗarin aka same ta a karye a wannan wuri. An daɗe ana gardama kan ko ta karye ne kafin ya bugi bango ko sanadin bugun, amma kotun ƙolin Italiya a 2007 ta tsaya kan cewa karyewar ce ta jawo haɗarin. Idan haka ta faru a inda ake auna komai da na'ura, ina ga waldar bakin titi.

Da sitiyari ya fita, zoben ham da tsinkensa suna fili. A wasu shekarun MGB ham yana tsakiyar sitiyari, a wasu kuma yana kan hannun sigina, saboda haka ba kowace ce ke da wannan zobe ba. Inda yake, tagulla ce ke gogar tagulla, kuma idan ta bushe tana yin wata tsuwa mai kaifi kamar ta gyare. A goge zoben da takardar yashi mafi laushi har ya yi haske, a duba ko bakin tsinken ya cinye ya yi kaifi, sannan a shafa ɗan basilin ko giris mara nauyi, kaɗan ƙwarai, gwargwadon abin da zai sa wurin ya yi sheƙi. Idan aka labta da yawa ƙura ta taru a kai, ham ya daina kamawa. Ƙullutun sigina ma ɗigon giris ɗaya ya ishe shi.

Bushin ɗin ulu da fentin da ya wuce gona da iri

A motocin farko bushin ɗin ba ƙarfe ba ne, ba kuma roba ba. Ulu ne dannanne, irin ƙyallen da ake yin hular dara da shi, an naɗe shi ya zagaye sandar. Dabarar tsohuwa ce amma mai kyau: ulun yana shan mai ya riƙe shi kamar lagwanin fitila, yana sakinsa a hankali shekara da shekaru, kuma yana shanye girgiza. Sharaɗinsa ɗaya ne, a jiƙa shi kafin a sa. Sabon bushin yakan zo a bushe ko da ɗan baƙin garin garafait, wato abin da ake yin bakin fensir da shi. Ya kamata ya kwana a cikin mai mai kauri, a matse rarar, sannan a sa. Wanda ke gaggawar ganin motarsa ta tashi yakan zare shi daga leda ya cusa haka nan, kuma wata biyu ba za a yi ba zai ji sakamakon.

A nan ne man feshi ke yin ɓarnarsa a ɓoye. Mafi yawan abin da ke cikin gwangwanin ruwa ne mai narkar da maiƙo, wanda ke bin iska bayan ɗan lokaci. Idan ya shiga ulun sai ya wanke ɗan man da ya rage, ya tafi ya bar shi ya fi da bushewa. Shi ya sa tsuwar ke dawowa da ƙarfi fiye da farko, mai mota ya ƙara fesawa, haka dai.

Daga baya an koma amfani da bushin na roba mai tauri da kuma boris a wasu sandunan. Na robar idan sabo ne yakan zo a matse, musamman kayan da ake yi yanzu a madadin na asali, waɗanda aununsu ba ya cika zama daidai. Gwajinsa shi ne a cire sandar daga mota a ɗora a kan benci: ya kamata ta juya cikin bututun da yatsu biyu, ba tauri, ba kuma girgiɗi. Idan sai an sa ƙarfi, a rage cikin bushin ɗin kaɗan-kaɗan ana gwadawa, a shafa giris na silikon.

Akwai kuma wani laifi da ya keɓanta da motocin da aka farfaɗo, wanda tsohuwar motar da ba a taɓa ba ba ta da shi. Mai fenti ya karɓi sandar ciki ya fesa ta baƙa wuluk daga sama har ƙasa, har da wuraren da ke juyawa cikin bushin. Da ido abin ya yi kyau. Amma fenti ya ƙara mata kauri, kuma da zafi ya taɓa shi sai ya yi danƙo ya riƙa kamawa yana saki, wanda shi ne ainihin abin da ke haifar da tsuwa. Waɗannan wurare biyu dole su kasance tsurar ƙarfe mai santsi. A kankare fentin, a goge duk wani tabon tsatsa, a wanke, sannan a mayar.

Robar da ke toshe ramin da sandar ta ratsa bango ita ma tana kuka idan sabuwa ce kuma a bushe. Ita ba a sa mata baƙin mai ko giris na yau da kullum, domin man da aka samo daga fetur yana kumbura roba ya ruɓar da ita. Silikon ne nata.

Inda maganar take: daidaiton sanda da rak

Idan an bi duk waɗannan tsuwar ba ta tafi ba, ko ta tafi ta dawo bayan an sa sabon bushin da aka jiƙa yadda ya kamata, to an iso ga abin da tun farko ya sa bai kamata a yi gaggawar fesa mai ba.

MGB gwiwa ɗaya tak gare ta tsakanin sandar sitiyari da sandar rak. Gwiwa ɗaya tana iya ɗaukar kwana, amma ba ta iya ɗaukar saɓani. A misalta mutum biyu da ke miƙo sanduna daga ɓangarori biyu domin bakinsu ya haɗu a wuri guda cikin iska. Ko da sandunan ba a layi ɗaya suke ba, muddin bakunan sun haɗu, gwiwar za ta yi aikinta cikin sauƙi. Idan kuwa ɗaya ya wuce ta saman ɗaya da ko da kaurin fensir ne, ba yadda za a haɗa su sai an tanƙwara wani abu. Kusoshi suna da ƙarfin yin wannan tanƙwarawar ba tare da bakanike ya lura ba. Zai ga komai ya shiga, ya ɗaure, ya tashi. Amma daga ranar sandar tana danne a gefe ɗaya na bushin ɗin ƙasa, ƙaramin giyan rak yana danne a gefe ɗaya na boris ɗinsa, kuma a kowane zagaye ƙarfen yana lanƙwasawa yana miƙewa.

A masana'anta sun san da wannan. Shi ya sa suke daidaita kowace mota ita kaɗai, suna cusa ƴan siraran faranta na ƙarfe a ƙarƙashin mazaunin rak da maɗauran sandar har sai layukan biyu sun haɗu a tsakiyar gwiwar. Waɗannan faranta ba su da kyan gani, kuma su ne abu na farko da ke ɓacewa idan aka kwance mota. Yaron gareji ya share su tare da tsatsa, ko a tara su a gwangwani ɗaya da sauran washa ba a san wanne na ina ba ne. Ko da an adana su, motar da aka canja wa bangon gaba ko aka yi wa waldar ƙasa ba ta nan a aunin da ta fito da shi. Tun 1988 kamfanin British Motor Heritage ke buga sabon gangar jikin MGB da injinan asali, kuma wanda ya sayi irin wannan ya kwashe kayan tsohuwar motarsa ya mayar a kai, dole ya yi daidaiton daga farko, domin faranta na tsohon jiki ba su san sabon ba.

Gwajin ba shi da wuya. Gaban mota na sama, a sassauta kusoshin da ke riƙe bututun a ƙarƙashin dashbod ba tare da an cire su ba, ana kallon bututun. Idan ya yi tsalle ya koma gefe da kansa, a ɗaure yake cikin dole. A juya sitiyarin a haka. Idan tsuwar ta ɗauke, sitiyarin ya yi sauƙi, an kama ɓarawon.

Gyaran shi ne a cire gwiwar gaba ɗaya, a sa wa bakin kowace sanda wani ɗan ƙarfe mai tsini wanda tsayinsa ya kai daidai inda tsakiyar gwiwar take. Littafin gyaran motar ya nuna wannan ma'auni, ana sayar da shi, kuma mai injin sassaƙa ƙarfe yana iya yin sa idan aka kai masa gwiwar ya auna. Daga nan sai a riƙa ƙara faranta ko ragewa, ana matsar da bututun a ramukan maɗaurinsa, har tsinin biyu su sumbaci juna. Abin lura shi ne a sake dubawa bayan an ɗaure kusoshin tamau, domin ɗaurin kansa yana matsar da abubuwa. Aiki ne na haƙuri da kan ci yini guda, kuma ba a ganin sa a hoto, shi ya sa ake tsallake shi.

Tun da gwiwar tana hannu, a gwada ta. Ta lanƙwasa ta kowane ɓangare cikin santsi, ba cijewa, ba kuma wasa. Idan tana da tauri a wani wuri ko jan gari na fita daga cikinta, a canja ta. A motocin da sitiyarinsu ke hagu tana zaune ne a ɓangaren da bututun hayaƙi yake, kuma zafin yana ƙonar da giris ɗinta da wuri. Wajen mayarwa, kowace sanda tana da wani ɗan kwari da kusar matsewa ke bi ta cikinsa. Wannan kwarin ne ke hana sandar zarewa ko da noti ya sassauta. Idan kusar ta ƙi shiga, sandar ce ba ta zauna daidai ba, kuma amsar ba ita ce a nemo siririyar kusa ba. A sa sababbin notuna masu kulle kansu.

Rak ɗin MGB, saɓanin abin da da yawa ke zato, man giya mai lamba 90 yake sha, kimanin kashi ɗaya cikin biyar na lita, ba giris ba. Idan robobin da ke rufe bakunansa biyu sun yage, man ya tsiyaye, shi ma yana iya yin kuka.

Ga mai irin wannan mota a nan gida

Abu biyu ne suka shafi wanda ke riƙe da tsohuwar motar Ingila a Kano ko Kaduna ko Abuja. Na farko yanayi. Ulun da aka tsara don damshin Ingila ba ya jure zafin bazara da ƙurar hunturu yadda yake jurewa a can. Ƙurar tana shiga ta wuyan sandar ta gauraya da mai ta zama kamar garin wasa wuƙa, saboda haka ɗigon mai kaɗan a bushin ɗin sama sau ɗaya a shekara, bayan an share wurin, ya fi a jira sai ya yi magana.

Na biyu ya fi nauyi. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilun 1972, kuma motar da aka yi don titunan Ingila sitiyarinta yana dama. Duk wanda ya sayo irinta zai fuskanci batun mayar da sitiyarin hagu. A MGB wannan mai yiwuwa ne ba tare da an yanka komai a jikin sandar ba, domin an ƙera motar ta kowane hannu tun asali, kuma ana samun rak da dashbod da maɗaurai na hannun hagu. Abin da ba ya halatta shi ne a juya tsohon rak ɗin, ko a yanke sanda a ƙara mata tsayi, ko a huda bango a inda ido ya ga dama. Motar da aka juya wa hannu kuma take tsuwa, daidaitonta ne abin tuhuma na farko, ba na ƙarshe ba.

Tsarin binciken kansa bai tsaya ga MGB ba. Wanda ya gaji Peugeot 504 daga mahaifinsa, irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 kuma suka zama motar ma'aikatan gwamnati na tsawon zamani, zai bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, sai dai ya ƙara da duba faifan roba da ke haɗa sandar da rak, wanda ke tsattsagewa idan ya tsufa.

Bayan an mayar da komai, kafin a sauke motar, a juya sitiyarin daga ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa, a tabbatar ba wayar da ke naɗewa a jikin sandar, ham yana kamawa a kowane matsayi, sigina tana komawa da kanta ta ɓangarorin biyu. Sannan a fita da ita a hankali zuwa fili mara cunkoso, a sha kwana a sassauta riƙo. Sitiyarin da aka daidaita yakan nemi komawa tsakiya da kansa. Idan ya tsaya inda aka bar shi, akwai sauran abin da ke danne, a koma kan benci. Idan ya koma, a yi tafiyar kilomita ɗari ko biyu, a sake ɗora sifana a kan kusoshin gwiwa da na rak da na maɗauran bututun, domin sabon fenti da ke ƙarƙashinsu yakan lotsa ya bar su da ɗan sassauci.